Batirin kwamfutar tafi-da-gidanka: Yadda ake tsimin caji da tsawaita rayuwarsa a ƙasar da wuta ba ta da tabbas

A ƙarshen watan Oktoban 2024, akasarin jihohin Arewacin Najeriya sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan layin wutar Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala a daidai lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna yake kwance sakamakon ɓarnar da aka yi masa. Shekara guda kafin nan, a watan Agustan 2023, birnin Yamai ya ɗanɗani irin wannan kuɗa, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A irin waɗannan ranaku ne ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, da ɗan jaridar da edita ke jira, da matashin da ke yi wa wani kamfani aiki ta intanet, suke gane cewa jarinsu duka ya rataya ne a kan wani ɗan baƙin abu da ke cikin kwamfutarsu, wato batir.

Ko a ranakun da babu wata gagarumar matsala, wutar da ake rabawa a Najeriya ba ta cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Janareto da a da ake fakewa da shi ya zama sai mai hali tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, domin kafin ƙarshen 2024 farashin lita ya haura naira 1,000. Saboda haka sanin yadda ake sarrafa batir ya zama wani ɓangare na sanin yadda ake neman abinci.

Abubuwa biyu ne ake nufi idan ana maganar daɗewar batir, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko shi ne awa nawa caji ɗaya zai kai mutum. Na biyu shi ne shekara nawa batirin zai yi kafin ya gaji. Kowanne da dabarunsa, kuma akwai inda suke cin karo da juna.

Yadda batirin yake aiki

Kusan duk kwamfutar tafi-da-gidanka ta wannan zamani tana amfani ne da batirin sinadarin lithium. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka bai wa masana uku da suka share fagen ƙirƙiro shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel ta fannin kimiyyar sinadarai. A cikin batirin, ƙwayoyin lithium suna kai-kawo ne tsakanin ɓangarori biyu: idan ana caji su koma gefe ɗaya, idan ana aiki su dawo ɗaya gefen. Kowace tafiya da dawowa tana barin 'yar ɓarna da ba ta gyaruwa. Wannan ne ya sa babu batirin da ba ya tsufa, sai dai a rage masa saurin tsufan.

Ana auna girman batir da ma'aunin da ake rubutawa Wh, wato adadin wat da zai iya bayarwa a cikin awa guda. Yawancin kwamfutoci suna ɗauke da batir mai Wh 40 zuwa 70, manya kuma ba su cika kaiwa 100 ba, domin nan ne iyakar da dokokin sufurin jiragen sama suka sa wa batirin da fasinja zai shiga da shi ba tare da neman izini ba. Lissafin mai sauƙi ne. Batir mai Wh 50, idan kwamfuta tana jan wat 10, zai yi awa 5. Idan aka rage jan zuwa wat 7, zai haura awa 7. Idan kuwa aka bar ta tana jan wat 20, awa biyu da rabi ya ƙare. Duk wata dabarar tsimin caji tana komawa ne ga rage wannan adadi na wat.

Wannan lissafi yana kuma nuna inda gizo ke saƙa. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Ko a wannan farashi, cika batir mai Wh 50 bai wuce na naira 15 ba. Ke nan tsadar ba a cajin take ba. Tana wajen samun wutar a lokacin da ake buƙatarta, da kuma kuɗin sayen sabon batir idan na jiki ya mutu.

Sanin lafiyar batir

Matakin farko shi ne mai kwamfuta ya san halin da batirinsa yake ciki. A manhajar Windows, ana buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport sannan a danna Enter. Kwamfutar za ta haɗa rahoto ta kuma nuna inda ta ajiye shi. Lambobi biyu ne mafi muhimmanci a ciki: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka ranar da ya fito daga masana'anta, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka a yau. Idan na farko 50,000 ne, na biyu kuma 30,000, batirin ya rasa kashi 40 cikin 100 na ƙarfinsa, ko da kuwa allo yana nuna ya cika fal.

A MacBook, ana riƙe maɓallin Option a danna alamar Apple, a shiga System Information, sannan Power. A nan ake ganin adadin zagayen caji. Zagaye ɗaya shi ne amfani da kashi 100 na caji, ko da a rarrabe: wanda ya ci rabi yau ya cika, ya ci rabi gobe, zagaye ɗaya ya yi. Kamfanin Apple ya ce an ƙera batirin MacBook na zamani ne ya riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsa har zuwa zagaye 1,000. Batiran kwamfutoci da dama kuwa sukan fara nuna gajiya tsakanin zagaye 300 zuwa 500.

Wannan gwaji ya fi amfani ga mai sayen kwamfuta ta hannu, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun matasa irin waɗannan ne, ko daga titin Beirut a Kano aka saye su, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Minti biyu na duba rahoton batir a gaban mai shago ya fi dogon alkawari na fatar baki, kuma hujja ce ta neman ragi.

Saitin da ke ƙara awanni

*Hasken allo.* A aiki na yau da kullum kamar rubutu da karatu, allo yana cikin abubuwan da suka fi cin wuta. Rage haskensa zuwa rabi ko ƙasa da haka shi ne gyara mafi sauri kuma mafi tasiri. Zama a inuwa ko cikin ɗaki yana sa a iya rage hasken ba tare da an wahalar da ido ba. Haka nan a kashe fitilar da ke ƙarƙashin maɓallan rubutu da rana. Mayar da allo baƙi yana rage cin wuta ne sosai a allo samfurin OLED kaɗai, domin a nan ne baƙin wuri ke nufin fitila a kashe. A allo na LCD, wanda shi ne a jikin galibin kwamfutoci, fitilar baya tana kunne ko wane launi aka sa.

*Yanayin aiki.* A Windows 11, ana shiga Settings, sai System, sai Power & battery. A wurin Power mode akwai zaɓi uku, kuma Best power efficiency ne ke rage gudun injin kwamfutar don tsimin wuta. Mai rubutu ko bincike a intanet da wuya ya ji bambanci. A Windows 10 ana samun wannan ta danna alamar batir a ƙasan allo a ja ɗan layin zuwa hagu. Akwai kuma Battery saver, wanda a sababbin fitowar Windows 11 aka sauya masa suna zuwa Energy saver. A Windows 10 yana kunna kansa ne idan caji ya sauka zuwa kashi 20, amma ana iya ɗaga wannan adadi. Wanda ya san wuta ba za ta dawo ba sai dare, babu dalilin da zai sa ya jira sai caji ya kusa ƙarewa kafin ya fara tsimi. Masu MacBook suna da Low Power Mode tun fitowar macOS Monterey a 2021, masu Linux kuma suna da TLP da PowerTOP.

*Lokacin kashe allo.* A saita allo ya mutu bayan minti biyu ko uku na rashin aiki, kwamfutar kuma ta yi barci bayan minti biyar zuwa goma.

*Saurin sabunta hoto.* Kwamfutocin wasanni da wasu sababbi suna sabunta hoton allo sau 120 ko 144 a daƙiƙa. Mayar da shi 60 ta Advanced display yana rage cin wuta. Idan kwamfutar tana da katin hoto na daban, kamar na Nvidia, a tabbatar manhajojin rubutu da na shiga intanet ba sa tayar da shi. Ana saita wannan a sashen Graphics.

*Manhajojin da ke aiki a ɓoye.* Danna Ctrl da Shift da Esc tare yana buɗe Task Manager, inda ake ganin manhajar da ke wahalar da injin, da jerin waɗanda ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Mafi yawansu ba a buƙatarsu a kowane lokaci. Sashen Battery usage kuma yana nuna kason da kowace manhaja ta ci. Kwamfutar da fankarta ke ƙugi alhali ba a aikin komai, abin a bincika ce: manhajojin sata da ake saukewa kyauta sukan zo da ɓoyayyun shirye-shirye, ciki har da masu haƙar kuɗin kirifto da injin mutum ba da saninsa ba.

*Burauza.* Kowane shafi da aka bari a buɗe yana iya ci gaba da aiki, musamman masu tallace-tallace da bidiyo mai kunna kansa. Chrome yana da Memory Saver da Energy Saver, Edge kuma yana sa shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba barci. Kallon bidiyo kai-tsaye da taron Zoom da kyamara a kunne suna cikin ayyuka mafi cin caji. Sauke bidiyo ko takarda lokacin da akwai wuta, a duba daga baya, ya fi sauƙi ga batir da ma data.

*Sadarwa da abubuwan da aka jona.* A kashe Bluetooth da Wi-Fi idan ba a buƙatarsu. Saita layin intanet a matsayin Metered connection yana hana Windows sauke manyan abubuwa a ɓoye. Babban abin da ake mantawa shi ne wayar salula: jona waya a jikin kwamfuta don caji yana iya cinye Wh 15 zuwa 20, wato kusan sulusin batir mai Wh 50. Haka modem da faifan ajiya na waje da fankar USB, duk daga tulu ɗaya suke sha.

Barci, dogon barci ko kashewa

Rufe murfin kwamfuta yakan sa ta barci ne, wato Sleep, inda take ci gaba da jan 'yar wuta don riƙe abin da ke ƙwaƙwalwarta. A sababbin kwamfutocin Windows da dama, wannan barci ba mai nauyi ba ne, domin tsarin Modern Standby yana iya barin ta tana wasu ayyuka. Shi ya sa wani zai ajiye kwamfuta a jaka da kashi 80, ya ciro ta da zafi da kashi 40.

Hibernate, wato dogon barci, yana kwashe aikin da ake ciki ya adana a faifai, sannan ya kashe kwamfutar kusan gaba ɗaya. Idan an kunna, komai na nan inda aka bar shi. Sau da yawa zaɓin a ɓoye yake. Ana fito da shi ta Control Panel, sai Power Options, sai Choose what the power buttons do, inda kuma za a iya saita cewa rufe murfi ya zama dogon barci. Ƙa'idar ita ce: hutun 'yan mintoci, barci, tafiya ko kwana, dogon barci ko kashewa.

Abin da ke kashe batir da wuri

Babban maƙiyin batirin lithium shi ne zafi. Apple, alal misali, ya ce yanayin da ya dace a yi aiki da MacBook shi ne tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin Celsius. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin watannin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40. Ke nan batir a wannan yanki yana tsufa fiye da ɗan'uwansa da ke ƙasa mai sanyi, ko da aiki ɗaya suke yi. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo ko darduma yana toshe ƙofofin iskar da ke ƙasanta. Barin ta a cikin mota da rana ya fi wannan muni. Ƙurar hunturu kuma tana taruwa a fanka ta hana iska fita, don haka yana da kyau a kai ta wajen mai gyara a share ta aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan wucewar hazo.

Maƙiyi na biyu shi ne daɗewa a cike fal, na uku kuma shi ne yawan ƙarewa ƙaf. Batirin lithium ya fi samun sauƙi a tsakiya, kamar tsakanin kashi 20 zuwa 80. Saboda haka ne kamfanoni suka samar da hanyar taƙaita caji: Conservation Mode a manhajar Lenovo Vantage, Battery Health Charging a MyASUS mai iya tsayar da caji a kashi 60 ko 80, Dell Power Manager a kwamfutocin Dell, Battery Health Manager a cikin BIOS na kwamfutocin ofis na HP, da Optimized Battery Charging a MacBook.

Sai dai wannan shawara an tsara ta ne da tunanin mutumin da wuta ba ta yanke masa. Wanda ke samun wuta awa huɗu a rana ba zai bar kashi 20 na cajinsa a banza ba, kuma yana da gaskiya. Abin da ya fi illa shi ne haɗuwar cika fal da zafi na tsawon lokaci, kamar kwamfutar da ke jone dare da rana a ofis mai sola. Irin wannan ce ya kamata a taƙaita wa caji. Wanda kuwa zai cika batir ya cire ya hau aiki nan take, ɓarnar da yake yi kaɗan ce. Abin da ya fi kamata ya kiyaye shi ne kada ya riƙa matse ta har sai ta mutu da kanta. Idan za a ajiye kwamfuta na makonni, a bar ta da kusan rabin caji, a kashe, a wuri mai sanyi.

Akwai kuma camfe-camfe da aka gada daga zamanin batiran nickel. Sabuwar kwamfuta ba ta buƙatar cajin awa takwas kafin a fara aiki da ita. Ba sai caji ya ƙare ake sake jonawa ba. Ƙananan caji a kai a kai ba sa cutar da lithium, don haka duk lokacin da aka kawo wuta a jona. Sa batir a firiji ba ya farfaɗo da shi, sai ma danshi ya lalata shi. Abin da ke da tushe shi ne, idan lissafin caji ya rikice, misali kwamfuta ta mutu a kashi 30, ana iya cika ta, a bar ta ta ƙare sau ɗaya, a sake cikawa. Wannan yana gyara lissafin ne kawai, ba ya dawo da ƙarfin da ya tafi.

Caja, janareto da fawa-bank

Yawancin cajojin asali suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, shi ya sa suke aiki ko da wuta ta yi ƙasa. Haɗarin yana wajen tashin wuta na farat ɗaya, lokacin da aka dawo da ita ko aka tayar da janareto. Hikima ita ce a cire caja idan an ɗauke wuta, a jira ta daidaita kafin a mayar. Jabun caja kuwa araha ce da ba ta ado: takan rasa kariyar da ke cikin ta asali, kuma tana iya ƙona allon injin da ya ninka kuɗinta sau da yawa. Wajen sayen wata, dole ƙarfin bolt ya yi daidai da na asali, wat kuma kada ya gaza nata.

Kwamfutar da ke caji ta USB-C tana iya shan wuta daga fawa-bank, muddin yana da tsarin Power Delivery mai bayar da wat 45 zuwa 65. Lambar da ke jikin kwali tana ruɗi. Fawa-bank mai mAh 20,000 yana ɗauke ne da kimanin Wh 74, kuma wani kaso yana salwanta wajen juya wutar, don haka abin da zai yi bai wuce cika matsakaiciyar kwamfuta sau ɗaya ba. Mai ƙaramin sola kuma zai fi cin riba idan ya yi caji kai-tsaye daga batirin solar da cajar USB-C irin ta mota, maimakon bi ta inbata, domin kowace juyawa tana cin nata kason.

Batirin da ya kumbura, wanda ake ganewa idan wurin taɓawa ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe, haɗari ne na gobara. A daina cajinsa, kada a danna shi ko a huda shi, kada kuma a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.

Abin da ya wuce saiti

Batirin da ke cikin kwamfuta yana da tarihin da ya faro daga ramin haƙar ma'adinai. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ce ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na sinadarin cobalt na duniya, kuma a 2016 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto kan yaran da ke aiki a ramukansa. Najeriya ma ta shiga sahu: a watan Mayun 2024 aka ƙaddamar da masana'antar sarrafa lithium a Jihar Nasarawa, yayin da haƙar ma'adinin ba bisa ƙa'ida ba ke ci gaba da jawo ce-ce-ku-ce. Kowane batir da ya ƙara shekara guda yana aiki, ragi ne ga buƙatar haƙo wani, ragi ne kuma ga tarin sharar lantarki.

Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2023 da za ta tilasta wa kamfanoni, daga 2027, su ƙera na'urorin hannu ta yadda mai su zai iya cire batir ya sa wani, sai 'yan kaɗan da aka keɓe. Tun da wasu daga cikin kwamfutocin da ke shigowa Afirka ta Yamma daga waɗannan kasuwanni suke fitowa, tasirin dokar zai iso nan, ko da a makare. Tambayoyin da suka rage na gida ne: wa ke tantance ingancin batira da cajojin da ke cika kasuwanni, ina ake kai waɗanda suka mutu, kuma awa nawa na wuta kamfanonin rarrabawa ke bayarwa idan aka kwatanta da wanda suka yi alkawari a kowane rukuni. Rage hasken allo zai iya ƙara wa ɗalibi awa ɗaya ko biyu a daren jarrabawa. Sauran awannin suna hannun waɗanda aka damƙa wa amanar wutar ƙasa.